Zauren 29 ga Yuli na birnin Yamai

1. Daga Matamaye zuwa Yamai

Wanda ya shiga mota a tashar Matamaye za shi Yamai, sai ya yi shirin doguwar tafiya. Mota za ta bi ta Kance ta fita Takeita. A nan za ta hau babbar hanya ta miƙe yamma: Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Tafiyar ta fi kilomita 850. In an tashi da asuba, sai dare ake isa.

A Yamai akwai babban filin ƙwallo mai sunan Janar Saini Kunce. Ƙasar Sin ta taimaka aka gina shi, aka buɗe shi a 1989. Yana ɗaukar mutum 35 000. Kusa da shi akwai wani gini da bai kai shi girma ba. Shi wannan a rufe yake ruf, rana ba ta shiga, ruwan sama ba ya shiga. Da Faransanci ana ce masa Palais du 29 Juillet. Kalmar palais tana nufin fada, ko wani babban gida na alfarma. Amma ba sarki a cikinsa. Da Hausa sai a ce Zauren 29 ga Yuli.

Kowane yaro ya san zaure. Da asuba malam yana karantar da almajirai a ciki. Da hantsi mai ɗinkin hula ya zauna da allurarsa. In baƙo ya zo, nan zai kwana. Ranar suna, nan maza ke taruwa. In maƙwabta sun saɓa, nan dattawa ke sasanta su. Ɗaki guda ne, aikinsa kuwa da yawa. Zauren Yamai ma haka yake. Bambancin kawai, shi yana ɗaukar dubban mutane, kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Na ƙasa ne baki ɗaya.

2. Rufi ba ginshiƙi

A tsakiyar irin wannan zaure akwai fili shimfiɗaɗɗe, sumul, ba tudu ba kwari. An ja masa layuka da fenti. A gefe ga wuraren zama hawa-hawa kamar matakala. Na baya ya fi na gaba tudu, saboda haka kan wani ba ya tare ma wani gani. A sama ga manyan fitilu, ga amsa-kuwwa. Akwai kuma ƙananan ɗakuna inda ƴan wasa ke sauya tufafi.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne rufin. Ga shi da faɗi, amma ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar fili. Me ke riƙe da shi?

Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan matsala. Azarar giginya tana da ƙarfi, gara ba ta cika cin ta ba. Amma in aka ɗora mata laka, ba ta iya ƙetare fiye da kamar mita 2 ba tare da ta lanƙwashe ba. In ana son soro mai faɗi, sai a tsai da ginshiƙi a tsakiya. In ba a son ginshiƙi, sai a yi bakan gizo: a riƙa jera gajerun azara daga bango, kowace ta ɗan wuce ta ƙarƙashinta, har hannu biyu su haɗu a sama. Da wannan dabara aka rufe manyan soraye a fadojin sarakuna. Da ita Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Maginan zamani da ƙarfe suke aiki. Ƙarfe guda dogo shi ma lanƙwashewa yake yi. Don haka sai su haɗa gajerun ƙarafa masu yawa, uku-uku, su yi siffa mai kusurwa uku. Wannan siffa ba ta karkacewa. Kowane ƙarfe yana miƙa nauyi ga na kusa da shi, har nauyin ya sauka kan ginshiƙan da ke gefen gini. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To, ƙarfe ɗaya ma ba ya ɗaukar rufin zaure.

3. Wasannin cikin ɗaki

Kokawa a fili ake yin ta, kan rairayi. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, a filayen kokawa ake kafsawa, ba rufi bisa kan ƴan kokawa. Langa da dambe da tamola su ma na dandali ne. Amma akwai wasannin da suka fi son ɗaki.

Ƙwallon kwando a cikin ɗaki aka haife shi. A 1891, a garin Springfield na ƙasar Amurka, wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ya rasa abin da zai sa ɗalibansa su yi lokacin hunturu. Sanyi da ƙanƙara sun hana fita. Sai ya rataye kwandunan ƴaƴan itace guda biyu a cikin zauren makaranta, ya ce a riƙa jefa ƙwallo ciki. Shekara 4 bayan haka, a 1895, wani mai suna William Morgan ya ƙago ƙwallon raga a garin Holyoke, kusa da nan.

Su sanyi ya kora su ɗaki. Mutanen Nijar kuwa rana ce. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40. Wanda ya yi gudu a kan siminti da tsakar rana a wannan lokaci, yana neman ciwo ne. Da hunturu ga ƙura, ga iska. Ƙwallon raga ba shi da nauyi, iska kaɗan ke kautar da shi. Da damina kuma hadari na iya tasowa ana tsakiyar wasa.

Kowane wasa da awon filinsa. Filin ƙwallon raga mita 18 ne a tsaye, mita 9 a kwance. Na ƙwallon kwando mita 28 da mita 15, kwandon kuma yana sama da ƙasa da mita 3 da santimita 5. Na ƙwallon hannu ya fi su duka, mita 40 da mita 20. Fili guda ke ɗaukar su: ana jan layukan kowane wasa da launi dabam, ƴan wasa su bi nasu su ƙyale sauran. In za a yi judo ko takwando, sai a shimfiɗa katifu masu tauri. In damben zamani ne, sai a kafa dandamali a kewaye shi da igiya.

Kada a raina waɗannan wasanni. Lambar farko da Nijar ta samu a wasannin Olimpik daga damben zamani ta fito: Isaka Dabore ya ciwo ta tagulla a birnin Munik na Jamus a 1972. Ta biyu sai bayan shekara 44. Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciwo ta azurfa a takwando a birnin Riyo na Barazil a 2016. Duka biyun wasannin cikin zaure ne.

Daga 7 zuwa 17 ga Disamba 2005 Yamai ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, karo na 5. Matasa suka zo daga Afirka da Turai da Kanada. Zauren yana cikin wuraren da aka yi gasar.

4. Kwana 98

Sunan ginin na farko Palais des Sports, watau zauren wasanni. Don wasa aka yi shi. Abin da ya sauya masa suna kuwa ba wasa ba ne.

Janar Saini Kunce ya mulki Nijar daga 15 ga Afrilu 1974 har rasuwarsa ran 10 ga Nuwamba 1987. Ali Saibu ya gaje shi. A 1989 aka kafa jam'iyyar MNSD, ita kaɗai doka ta yarda da ita. Ƙasa kuwa tana cikin matsi. Farashin uraniyom ya faɗi, bashi ya yi yawa. Gwamnati na shirin rage abin da take kashewa kan karatun ɗalibai.

Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗaliban jami'ar Yamai suka fito zanga-zanga. Jami'ar tana ƙetaren kogi. Da suka zo gadar Kennedy za su shiga gari, jami'an tsaro suka yi harbi, ɗalibai 3 suka mutu. A watan Mayu kuma aka zubar da jini a Cintabaraden, arewa da Tawa. Hankalin jama'a ya tashi. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ƙungiyar ɗalibai ta USN suka shiga yajin aiki da jerin gwano. Suka ce a bar kowa ya kafa jam'iyya. Suka ce a kira taron ƙasa, a zauna a faɗa ma juna gaskiya. Sun ga maƙwabciya ta yi haka: ƙasar Benin ta yi nata taron a Kwatano a watan Fabrairu 1990. Ran 15 ga Nuwamba 1990 Shugaba Ali Saibu ya amince.

Aka naɗa kwamitin da zai shirya taron. Da aka duba sunaye, sai ga mace guda ɗaya tak a ciki. Mata suka ce ba su yarda ba. Ran 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka yi jerin gwano a Yamai har ofishin firaminista. Dole aka ƙara masu kujeru. Shi ya sa ranar 13 ga Mayu ta zama ranar matan Nijar.

Taron mutum sama da dubu, a tsakiyar damina, yana son wuri mai faɗi mai rufi. Zauren wasanni aka zaɓa. Aka kawar da kayan wasa, aka jera tebura da kujeru. Ran Litinin 29 ga Yuli 1991 aka buɗe taro da wakilai 1 204. Akwai na gwamnati, da na jam'iyyu, da na ƴan ƙwadago, da na ɗalibai, da na ƴan kasuwa, da na ƙungiyoyi iri-iri.

Wanda aka zaɓa ya shugabanci zaman shi ne Farfesa Andre Salifu. Haifaffen Damagaram ne, a 1942. Malamin tarihi ne, ya rubuta littafi kan sarautar Damagaram a ƙarni na 19. Aikin da aka ba shi ba ƙarami ba ne. Malamin da ke da yara 50 a aji ya san wuyar sa su yi shiru. Ina ga manya sama da dubu, kowa da abin da ya daɗe yana ci masa rai?

Taron ya ce shi ke da iko bisa kowa. Ya jingine tsarin mulki, ya rushe majalisar dokoki, ya sauke gwamnati. Ya bar Janar Ali Saibu kan kujerar shugaban ƙasa, amma ba iko a hannunsa. Aka kafa kwamitin binciken laifuka da cin dukiyar ƙasa. Manyan ma'aikata, sojoji da farar hula, aka riƙa kiran su gaban taro suna amsa tambayoyi. Aka yi maganar 9 ga Fabrairu. Aka yi maganar Cintabaraden. Abin da da ba a iya faɗa sai cikin raɗa, ga shi ana faɗa da amsa-kuwwa.

Rediyon ƙasa yana watsa zaman. A garuruwa irin Matamaye, nesa da Yamai, mutane sukan kewaye akwatin rediyo a zaure ko a gindin itace. Yawancin jawabai da Faransanci ake yi. Wanda ya yi lakwal sai ya riƙa fassara ma sauran. Lokacin da aka buɗe taro, gero bai fid da kai ba. Aka yi maimai ana taro. Gero ya nuna, aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, ana taro. Ran 26 ga Oktoba aka zaɓi Amadu Shefu ya zama firaministan riƙon ƙwarya. Aka kafa majalisar ƙoli mai riƙe da aikin yin doka, Andre Salifu ke shugabanta. Sai ran Lahadi 3 ga Nuwamba 1991 aka tashi.

Ran 26 ga Disamba 1992 jama'a suka jefa ƙuri'a suka amince da sabon tsarin mulki. Ran 27 ga Maris 1993 aka yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Mahaman Usman, shi ma ɗan Damagaram, ya ci. Wannan ne karon farko da ƴan takara da yawa suka nemi wannan kujera a Nijar.

Taron bai warkar da kome da kome ba. An ɓata kwanaki da yawa kan abin da ya wuce, maganar tattalin arziki ta samu kaɗan. Manoma da makiyaya su ne mafi yawa a ƙasa, amma ƴan birni masu ilimin boko su suka fi riƙe magana. Baitulmali bai cika ba don an yi taro: ma'aikata sun yi watanni ba albashi a shekarun da suka biyo baya. Gwamnatin da aka zaɓa a 1993 ma ba ta cika wa'adinta ba, sojoji suka kifar da ita ran 27 ga Janairu 1996. Duk da haka, a cikin wannan zaure ne ƴan ƙasa suka fara tsai da masu mulki suna tambayar su a bainar jama'a. Don tunawa da ranar buɗe taron aka sa ma ginin suna 29 ga Yuli. Babban filin ƙwallon ma an taɓa kiran sa da wannan suna, daga baya sunan Janar Saini Kunce ya tabbata a kansa. Ga su nan kusa da juna: ɗaya da sunan shugaban soja, ɗaya da sunan taron da ya binciki mulkin soja.

5. Yau wasa, gobe kasuwa

Da aka tashi taro, aka kwashe tebura, ƴan wasa suka koma filinsu. Amma tun daga nan zauren bai zama na wasa kaɗai ba. Jam'iyyun siyasa sun sha yin babban taronsu a ciki. Mawaƙa da makaɗa sun sha cika shi da ƴan kallo. An sha yin baje kolin sana'o'in hannu na mata, wanda ake kira SAFEM, a harabarsa. Haka kuma baje kolin noma da kiwo mai suna SAHEL. A irin wannan mako, inda jiya ake buga ƙwallo, yau ga rumfuna: ga kilishi, ga cuku, ga albasar Galmi, ga tattasan Difa, ga takalma da jakunkunan fata na Damagaram, ga irin shuka da injin ban ruwa.

Sauya zaure daga wannan aiki zuwa wancan yana son hannu da yawa. Masu shara, da masu jera kujeru, da masu gyaran wuta, da masu gadi, su ke kwana suna aiki kafin baƙi su zo. Ba a tafa masu, ba a kiran sunansu a rediyo.

Yawan aiki kuma yana da nasa lahani. Ƙafar tebur da ƙusar rumfa suna ƙarce filin wasa. In an ba da zaure haya mako biyu don baje koli, ƴan ƙwallon kwando sai su nemi wani wuri. In kuwa aka ce wasa kaɗai za a yi, ina za a samu kuɗin wuta da na ruwa da na gyaran rufi? Gini irin wannan ko ba kowa a ciki yana cin kuɗi. In kwano ya huje ba a toshe ba, damina ɗaya ta isa ta lalata abin da ke ƙasa.

Yamai ta samu wasu zaurukan taro. Akwai Palais des Congrès a bakin kogi. Akwai kuma zauren Mahatma Gandi, wanda ƙasar Indiya ta taimaka aka gina, aka ƙaddamar da shi a 2020. A can aka yi babban taron ƙasa na watan Fabrairu 2025. Waɗannan na zama ne da jawabi, kujerunsu masu taushi ne. Ba a buga ƙwallo a cikinsu.

A Matamaye, kamar a yawancin garuruwan ƙasar, a fili ake wasa. Ƴan makaranta sukan jira la'asar, rana ta yi sanyi. Filin ƙwallon raga bai fi ƙarfin aji guda ba. Igiyar awo, da toka ta jan layi, da sanda biyu, da raga, sun isa. In ba raga, igiya ma ta yi.

Kalmomi

azara: itacen giginya da aka tsaga don rufin soro.
bakan gizo: ginin da ke lanƙwasa daga bango zuwa bango yana riƙe rufi.
wakili: wanda jama'a suka tura ya yi magana da bakinsu.
tsarin mulki: babbar dokar ƙasa, wadda sauran dokoki ke bi.
riƙon ƙwarya: mulki na ɗan lokaci kafin a yi zaɓe.
baje koli: taron nuna kaya da sayar da su.

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa mota ke ratsawa daga Matamaye zuwa Yamai? Ku nuna su a taswira.
2. Mene ne sunan zauren na farko? Me ya sa aka sauya shi?
3. Me ya kai mutanen Springfield wasa cikin ɗaki? Me ke kai mutanen Yamai?
4. Me mata suka yi ran 13 ga Mayu 1991?
5. Waɗanne mutane ne ba a ji muryarsu sosai a taron ba? A ganinku, me ya jawo haka?
6. In ku ke kula da zauren, masu baje koli suka zo da kuɗi, ƴan wasa kuma suna da gasa a wannan mako, wa za ku ba? Ku faɗi dalili.

Lissafi

An buɗe taro ran 29 ga Yuli, an rufe ran 3 ga Nuwamba. Ku ƙirga kwanakin kowane wata, ku tara. Mako nawa ke nan?
Filin ƙwallon raga nawa za su shiga cikin filin ƙwallon hannu guda?

Aiki

Ku samo kara guda 7 masu tsawo ɗaya. Ku ɗaure 4 su yi kusurwa huɗu, ku ɗaure 3 su yi kusurwa uku. Ku danna kowanne daga gefe. Wanne ya karkace?
Ku tambayi kakanninku ko iyayenku inda suke a daminar 1991, da abin da suka ji a rediyo. Ku rubuta layi 10 da Hausa, ku kawo ma malam.